Amsa ga mai tambaya daga Kano: bugun zuciya da mantuwar dattawa a Ingila

Malam, ka tambaya me ya sa Hausawan Ingila ke garzayawa da tsoho asibiti don kawai ya fara mantuwa, maimakon a ce tsufa ne. To, mantuwar wani lokaci daga zuciya take tasowa.

Idan bugun zuciya ya rasa tsari, jini kan kwanta a ɗakinta na sama na hagu ya dunƙule. Babban guda in ya ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, shanyewar ɓarin jiki ke nan, kuma haɗarinta ya ninka kusan sau 5 ga mai wannan ciwo. Ƙananan kuwa ba sa kayar da mutum, a hankali suke cinsa, sai ka ga Baba yana rikita raka'o'i ko yana kiran jika da sunan uwarta.

Saboda haka mukan ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa na minti ɗaya. In bugun na tsalle, sai likita ya yi gwajin ECG, wato auna tsarin bugun zuciya da na'ura.

Tushen jinya shi ne maganin hana jini dunƙulewa. Asfirin bai isa ba. Galibi apixaban ake bayarwa, miligiram 5 sau biyu a rana. Amma dattawanmu da suka tashi a gida, waɗanda ciwon maƙogwaro na yarinta ya tsuke musu ƙofar zuciya, warfarin ne nasu, ana auna jini a riƙe INR, wato ma'aunin jinkirin dunƙulewar jini, tsakanin 2 da 3. Mai shan warfarin ba a hana shi miyar alayyahu ba, kada dai ya ci tuli yau, ya yi wata bai taɓa ba, don ganye na rage ƙarfin maganin. Diclofenac na ciwon gwiwa da jiƙe-jiƙen da ake aiko mana a tsaraba, a nisanta su, suna iya jawo zubar jini.

'Ya'ya suna wurin aiki yini guda, don haka ƙwayoyi a akwati mai gidan kowace rana suke, mutum ɗaya ke duba shi. Kafin azumi a ga likita, domin idan ya faɗo a bazara yakan kai awa 18 a nan, wani sai an mayar da shi kan maganin da ake sha sau ɗaya a rana.

Abin da ya fi damunmu shi ne digoxin, maganin da ake ba wasu don rage saurin bugun zuciya. Idan ƙoda ta yi rauni yakan taru a jiki, tsoho ya rikice cikin 'yan kwanaki, da tashin zuciya, yana ganin abubuwa rawaya-rawaya. Wannan ba gigin tsufa ba ne, a ranar za a kai shi asibiti.