Tambaya da Amsa: Koren Fitila, Baƙin Gilashi da Faɗuwar Baba a Hanyar Masallaci

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Daga Makka nake rubuto maka, wajen Shara Mansur. Mahaifinmu shekararsa 68, yana da ciwon suga, an kuma ce yanar ido ta fara rufe masa idon dama. Da rana yana zirga-zirgarsa lafiya. Tun bikin ranar ƙasa aka zagaye layinmu da ƙofar masallaci da fitilun ado, kore da shuɗi, wasu suna canza launi, har yau ba a cire ba. Farar fitilar kan kwana kuma ta mutu. Sau biyu ke nan yana faɗuwa a bakin rasif, wato dakalin gefen titi, yana dawowa daga Isha'i, na biyun har da targaɗe a hannu. Ya ce fitilun na kashe masa ido. Yayana ya sayo masa baƙin gilashi, wani maƙwabci kuma ya ce kallon kore ai magani ne. Hankalinmu a tashe yake, shi kuwa ya ce ba zai bar jam'i ba. Mene ne abin yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya tsare gaba. Kafin in ce komai, a karɓe gilashin nan tun kafin Magaribar yau. Bayani na tafe.

Baba ba sakaci yake yi ba, gaskiya ya faɗa. Mai raunin gani da dare ba da kaifin ido yake tafiya ba, da bambancin haske da duhu yake gane inda kwalta ta ƙare rasif ya fara. Farin haske yana ɗauke da dukkan launuka, kowane abu sai ya dawo da nasa. Hasken launi guda kuwa ba shi da abin bayarwa sai kansa. Fentin rawaya da baƙi da ake yi wa bakin rasif, idan shuɗin haske ya sauka a kansa rawayar takan dushe ta koma kusan baƙa, sai layin ya ɓace. Shingayen roba ja ko ruwan lemo da 'yan kwangila ke jerawa a bakin rami, a ƙarƙashin kore duhu suke komawa. Haka tayil mai ƙuraje da ake shimfiɗa wa makafi, wanda aka fara sawa a garin Okayama na Japan a 1967: an fi yin sa rawaya ne don mai sauran gani ya hango shi, ba don mai sanda kaɗai ba. Canza masa haske kamar goge rabin amfaninsa ne.

Tsofaffin fitilun sodiyom masu launin lemo ma suna da wannan aibi, shi ya sa sauya su da farin LED da ake yi a biranen Saudiyya ya yi wa marasa lafiyata da yawa rana, in dai fitilar na da hula tana kallon ƙasa. Na ado kuwa ƙananan ɗigo ne masu ƙarfi, a daidai tsayin fuska, ba su haska ƙasa sai ido. Yana tana watsa irin wannan haske a cikin ido kamar gilashin mota mai ƙura idan wata ta dallo fitila. Ga suga, wanda ke sa tantanin bayan ido jinkirin farfaɗowa. Mai lafiya idan haske ya kashe masa ido, cikin ƙasa da minti ɗaya ya dawo daidai. Baba zai iya ɗaukar mintuna, kafin ya farfaɗo kuma fitilar ta juya wani launi. A cikin wannan tsakanin ne ƙafa ke neman rasif ta rasa.

Yanzu gilashin. Wallahi na gaji da wannan magana, babu makon da zai wuce ban karɓe irinsa daga hannun wani dattijo ba. Mutane sun ɗauka tunda haske ne ke damun ido, to maganinsa a rage haske. Da rana haka ne. Da dare kuwa an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ku yi lissafi da ni. Mai shekara 60, hasken da ke isa bayan idonsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ɗan shekara 20, domin ƙofar ƙwayar ido ta tsuke, madubin ciki kuma ya yi rawaya. Gilashin rana da aka saba sayarwa yana barin kashi 8 zuwa 18 cikin ɗari ne kawai na haske ya wuce. Haɗa biyun, sai ka ga Baba yana tafiya da kamar kashi ɗaya cikin ashirin na hasken da jikansa ke gani a layi guda. Ban ma sa yanar ido da suga a lissafin ba. Ƙyallin fitila ya ragu, gaskiya ne, shi ya sa zai ce muku ya ji daɗi. Amma ramin ma ya ɓace tare da ƙyallin, motar da ke fitowa da baya ma haka. Jin daɗin ido daban, gani daban.

Sai ƙanensa, gilashi mai ruwan rawaya da ake talla a TikTok da WhatsApp da sunan gilashin dare, riyal goma ko ashirin a bakin kasuwa. Mai sayarwa zai sa maka, ka ga duniya ta yi fes, ya ce ka gani? Ruɗin ido ne. Babu gilashin da ke ƙirƙiro haske, duk mai launi ragewa yake yi. A 2019 masu bincike a Boston ta Amurka sun gwada irinsa a na'urar koyon tuƙi, ba su ga ya taimaka wa direba hango mai tafiya a ƙasa da dare ba ko kaɗan. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta gilashin rana ma ta ce duk wanda ke barin ƙasa da kashi 75 na haske bai dace da tuƙin dare ba. Idan direba mai fitila biyu a gabansa an hana shi, ina ga tsoho mai yanar ido da ke tafiya a ƙafa? Mu ma a asibiti mukan rubuta gilashi mai launi, amma bayan gwaji, ga mutum takamaimai, kuma mafi yawa don rana. Abin da ke ƙona mini rai shi ne wata shida ko shekara da iyali ke ɓatawa suna canza gilashi daga wannan mai tebur zuwa wancan, suga yana cin bayan ido shiru. Yana ana cire ta cikin kamar rabin awa, gani ya dawo da iznin Allah. Abin da suga ya cinye sau da yawa ba ya dawowa. Wasu kuma su ƙara da ɗigon ido mai sinadarin kotizon daga saidaliyya, wato kantin magani, don jan ido ya wuce, shi kuma yana iya ɗaga hawan jinin ido ba tare da mutum ya ji komai ba.

Maganar maƙwabci ba zan daɗe a kanta ba. Zancen cewa kallon kore yana ƙara gani, wanda wasu ke jinginawa Manzon Allah (SAW), malaman hadisi irin su Ibnul Ƙayyim sun lissafa shi cikin ƙirƙirarru. A likitance ma kallon shuka daga nesa hutu ne ga idon da ya gaji da waya, ba ruwansa da ƙwan lantarki.

Abin yi kaɗan ne. A kai Baba a ɗiga masa maganin buɗe ido a duba bayan idon, a kuma auna hawan jinin ido. Mai suga duk shekara ya kamata ya yi wannan. Ku tambaya kai tsaye ko yanar ta isa aiki, kada ku jira wai sai ta nuna, wannan tsohon yayi ne. Kafin nan ya riƙe tocila mai farin haske, ko ta waya, yana haska ƙasa taku biyu zuwa uku a gabansa. Ya sa hula mai baki, hana-salla, ta tare masa ƙyallin sama ba tare da ta rage hasken ƙasa ba. In ya isa ƙofar masallaci ya cusa ta aljihu, kada sunanta ya tabbata. Idan an idar kada ya fito da gaggawa daga farin hasken ciki, ya tsaya a bakin ƙofa mintuna kaɗan ido ya saba. Jika ɗaya ya zama ɗan rakiya. Sanda kuma ba alamar bara ba ce, ku lallashe shi. In akwai hanya mai farar fitila, ko ta fi nisa, ita ce hanyarsa. Idan kuwa wata rana ya ga bakan gizo kewaye da fitila, ga ciwon ido da kai da amai, wannan ba laifin fitila ba ne, a wuce sashen gaggawa a daren.

Fitilar kwana da ta mutu ku kira 940, lambar ƙorafi ta hukumar birni, ko ku shigar da ƙorafi ta manhajar Baladi, da hoto da lambar turken. Ku rubuta ƙarara cewa dattijo mai raunin gani ya faɗi sau biyu a wurin, kuma maƙwabta uku ko huɗu su ma su shigar da nasu.

Na ƙofar masallaci kuwa ba sai an je ofis ba. Kwamitin masallaci, ku ji tsoron Allah. Annabi (SAW) ya ce kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, kuma waɗanda suka fi kowa cika sahun Asuba da Isha'i su ne masu yana da dundumi da suga. Ba wanda ya hana ado, ku mai da shi can saman hasumiya inda ba ya kallon idon kowa. Matakala da wurin ajiye takalma da bakin titi a sa musu farin ƙwai mai hula, a ja fenti mai duhu a gefen kowane mataki na farin marmara. Yayanki ya samu liman da wannan maganar bayan La'asar, ya tafi da kuɗin ƙwan a aljihunsa.