Makarantar da aka rufe a Kaliforniya ba a roƙonta wurin manya

Kawu, ka ce ka ji ana rufe makarantun gwamnati a nan saboda ƙarancin yara, mu kuma muna ta biyan hayar ɗakin Islamiyya. Wai ko mun zama Turawa ne har mun manta yadda ake kai wa manya gaisuwa? Ba mu manta ba. Gaisuwar ce ba ta da inda za ta shiga.

A jihar Kaliforniya, kafin hukumar makarantun gunduma ta sayar da ginin da ba ta buƙata, ko ta ba da hayarsa fiye da kwana 30, doka ta ce ta kafa kwamitin ba da shawara. Kwamitin 7-11 ake ce masa, don ba ya gaza mutum 7, ba ya wuce 11. Cikinsa akwai malamai, shugabannin makaranta, iyayen yara, 'yan kasuwa, masu gidaje ko 'yan haya, da waɗanda suka san dokar gini da ta ƙasa. Dole kuma ya yi kama da mutanen gundumar ta fuskar ƙabila, shekaru da abin hannu. Hukumar makarantun birnin Oakland ta kafa irinsa a 2019.

Aikin 'yan kwamitin yana farawa da hasashen yawan ɗalibai, don a tabbatar ginin rara ne da gaske. Sai su jera abubuwan da unguwa za ta yarda a yi da shi, kamar gidan rainon yara ko ajin manya, su baza jerin, su kira zaman sauraron jama'a, sannan su miƙa rahoto. Shawara ce kawai. Zaɓaɓɓun wakilan hukumar ke yanke hukunci, kuma sai kashi biyu cikin uku sun amince kafin a sa ginin kasuwa.

To ko a nan ba mu ne a gaba ba. Hukumomin gwamnati ake fara yi wa tayi, musamman idan akwai filin wasa, wanda dokar Naylor ta ba birni damar saya da rangwame. Abin da ya rage ake yi wa tayi a rufaffiyar ambulan, mai son ƙarawa da baki kuma sai ya ɗara mafi tsada da kashi 5 cikin ɗari. Ina kuɗin adashenmu zai kai?

Inda muke faɗuwa, gaskiya, laifinmu ne. Dokar Brown ta sa ana liƙa ajandar zama awa 72 kafin lokaci, kowa yana da damar magana na 'yan mintoci, amma zaman yakan faɗo da yamma a ranar aiki, mutanenmu suna kan tuƙi ko aikin dare. In ba a rubuta "ajin yara na ƙarshen mako" a jerin ba tun farko, da wuya ya shiga rahoto. Matan nan 'yan ƙasa da wasunmu suka aura, waɗanda kuke ta yi mana gori a kansu, galibi su suka san yadda ake cike katin neman magana.

Abin da ya fi dacewa da ƙarfinmu shi ne hayar aji na sa'o'i, wadda wata doka dabam ta halatta wa ƙungiyoyi, har da na addini. Sai dai ana neman takardar inshora da kuɗin mai shara da wuta, kuma ƙungiyar da ba ta yi rajista ba da wuya ta sami inshorar.