Wane baki zan ɗaura wa injin CNC (injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa) don sassaƙa wuyan jita?

Malam, ka tambayi bakin da ya dace da wuyan jita, gaskiya baki ɗaya ba zai isheka ba. Fara da mai shafaffen ƙasa na kabayid (wani ƙarfe mai tauri sosai), milimita 12, ya kwashe yawancin katakon, amma ka bar kamar rabin milimita. Sai ka kawo mai zagayayyen kai ya gyara bayan wuyan, tazarar da ke tsakanin layukan yanka kamar kashi 10 cikin 100 na faɗin bakin, in ka wuce haka layuka za su fito tudu-tudu ka wuni kana goga sanfefa. Ramin ƙarfen da ake sawa cikin wuyan don daidaita miƙewarsa kuwa, baki mai milimita 6. Maɗaci bai cika ba da wahala ba, amma katakon maple in injin na tafiya a hankali ƙonewa yake ya yi baƙi, don haka ƙara wa injin saurin tafiya.