Amsa ga ƙanenmu da aka ba kwantiragin wata 12 a shirin tallafi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Na karanta tambayar da ƙanenmu ya ajiye shekaranjiya. Ya ce wata ƙungiya mai zaman kanta a nan Kaduna ta ba shi aikin tattara bayanai a wani shirin lafiya da ake tafiyarwa da kuɗin tallafi, albashin ya kusa ninka abin da yake karɓa a makarantar kuɗin da yake koyarwa, amma takardar ta ce aikin na wata 12 ne, za a sabunta idan an samu kuɗi, kuma an kira shi kwansoltan maimakon ma'aikaci. Yana son ya san ko ya ajiye koyarwa ya karɓa, da kuma abin da ya kamata ya lura da shi. Na shafe shekara 11 ina aikin akanta a irin waɗannan shirye-shirye, na shirya takardun ɗaukar mutane, na kuma shirya takardun sallamarsu, don haka na ga ya zama wajibi in faɗi abin da na sani.

Ƙanena, abin da nake so ka fara riƙewa shi ne, albashin da aka yi maka alkawari ba daga aljihun ƙungiyar zai fito ba. Layi ne guda a cikin kasafin da mai bayar da tallafi ya sa wa hannu, kuma a wannan layin an rubuta sunan muƙamin, da yawan watannin da za a biya, da kuɗin kowane wata. Abin da ba ya cikin wannan kasafi, komai kirkin shugaban ƙungiyar da komai son da yake yi maka, ba shi da hurumin ba ka. Saboda haka tambaya ta farko da za ka yi musu ita ce: a wace rana yarjejeniyarsu da mai tallafin za ta ƙare? Ba rashin ladabi ba ne, kuma ƙungiya mai gaskiya ba za ta ɓoye maka ba. Na taɓa aiki a wurin da aka ba mutane takardar shekara guda alhali saura wata 7 tallafin ya ƙare, an dogara ga alkawarin baki cewa za a ƙara wa'adi. An ƙara wa'adin kuwa, amma irin ƙarin nan da ba a haɗa shi da ko sisin kwabo, wanda ake bayarwa domin a kammala ayyukan da suka rage da ragowar kuɗin da ke hannu. A irin wannan hali ma'aikata ake fara ragewa, kuma ni aka sa na lissafa wa mutanen haƙƙinsu na ƙarshe. Har yau ina tuna fuskokinsu.

Ko da wa'adin tallafin yana da tsawo, yana iya tsayawa a tsakiyar hanya. A ranar 20 ga Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta ba da umarnin dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje na kwana 90 domin ta sake nazari, kwanaki kaɗan bayan haka aka aika wa shirye-shiryen da USAID, hukumar Amurka mai ba da tallafin raya ƙasashe, ke ɗaukar nauyi takardar tsayar da aiki, kuma da yawansu ba su sake tashi ba. A lokacin aka ga bambanci tsakanin wanda takardarsa ta fayyace wa'adin sanarwa da kuɗin sallama, da wanda takardarsa ta tsaya ga cewa aikin ya dogara da samuwar kuɗi. Kada ka ɗauka ƙungiyar za ta iya riƙe ka da nata kuɗin kafin wani tallafi ya zo. Abin da ake bar mata na gudanar da ofis kaɗan ne: Tarayyar Turai takan tsaya a kashi 7 cikin 100 na kuɗin aikin kai tsaye, ƙa'idar gwamnatin Amurka kuma ga ƙungiyar da ba ta da wani kaso na musamman da aka amince mata kashi 10 ne, sai a Oktoban 2024 aka mai da shi 15. Daga nan ake biyan haya da wuta da odita, ba abin da yake saura.

Yanzu ga batun da ya fi damuna a tambayarka, wato kalmar kwansoltan. Mutane da yawa suna jin daɗinta domin tana da kwarjini, amma a wurinmu masu lissafi ma'anarta ita ce kai ɗan kwangila ne, ba ma'aikaci ba. Ma'aikaci yana da haƙƙoƙin da doka ta ɗora wa wanda ya ɗauke shi. Dokar fansho ta 2014 ta ce mai ɗaukar aiki zai zuba aƙalla kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kuma kashi 8, ana lissafawa a kan tushen albashi da kuɗin gida da na sufuri, kuma dole a tura kuɗin cikin kwana 7 na aiki bayan an biya albashi. Wannan wajibi ne a kan duk ma'aikata mai zaman kanta da ke da mutum 15 ko fiye. Dokar ta kuma wajabta inshorar rai wadda ba za ta gaza ninki 3 na albashin shekara ba. Akwai kuma kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi da ake biyan NSITF, asusun inshorar ma'aikata na gwamnatin tarayya, a ƙarƙashin dokar diyyar ma'aikata ta 2010, domin wanda ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki. Kwansoltan ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Za a cire masa harajin kashi 5 cikin 100 daga kowane biya, a miƙa masa saura, shi ke nan.

Bari in ba ka misali da lissafi don ka ga nauyin abin. A ce kuɗin da ake lissafa fansho a kansa naira 300,000 ne a wata. Kason ƙungiya naira 30,000 ke nan, a shekara kuma 360,000, kuɗin da ba daga albashinka ake cirewa ba, ƙari ne a kansa. Idan aka kira ka kwansoltan ka rasa shi, ka rasa hutun shekara, ka rasa inshorar lafiya. Kuma aikin tattara bayanai ba na zaman ofis ba ne. Za ka riƙa hawa hanya zuwa Giwa ko Kachia ko Kauru, kuma duk wanda ke zaune a jihar nan ya san abin da hawa hanya yake nufi, ko ta fuskar haɗarin mota ko ta fuskar tsaro. Mutumin da za a riƙa turawa ƙauyuka ba tare da inshora ba, to iyalinsa ne suka ɗauki kasadar, ba ƙungiya ba.

Idan za ka riƙa zuwa ofis kullum daga safe zuwa yamma, kana da shugaban da ke ba ka umarni, kana aiki da kwamfutar ƙungiya, to a haƙiƙa kai ma'aikaci ne ko da me aka rubuta. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda take da reshe a nan Kaduna, takan duba yadda alaƙar take a zahiri, ba sunan da aka laƙaba mata kaɗai ba. Sai dai shari'a tana cin lokaci da kuɗi, kuma gyaran takarda kafin a sa hannu ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ka nemi su mai da ita kwantiragin ma'aikaci mai wa'adi. Idan suka ce kasafin bai tanadi haka ba, wataƙila gaskiya suka faɗa, domin kuɗin kwansoltan da na ma'aikata layuka ne daban, kuma sauya su yakan buƙaci izinin mai tallafi a rubuce. To a nan sai ka san cewa ninkin albashin nan da ka gani ba ninki ba ne, ka cire abin da za ka biya wa kanka na lafiya da tanadi, sannan ka kwatanta da makaranta.

Game da sanarwar sallama, dokar ƙwadago ta ba da mafi ƙaranci: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara 2 ba, mako biyu daga shekara 2 zuwa 5, wata ɗaya daga shekara 5 zuwa sama. Ka ga mai kwantiragin shekara guda mako ɗaya kawai zai samu, kuma dokar ma ba ta haɗa da masu aikin gudanarwa da ƙwararru a cikin waɗanda take kira ma'aikata ba. Abin da ke cikin takardarka shi ne madogararka, don haka ka nemi a rubuta wata ɗaya, ko albashin wata ɗaya a madadinsa. Giratuti kuma, wato kuɗin da ake ba ma'aikaci a dunƙule idan aikinsa ya ƙare, ba wajibi ba ne a kan ƙungiya. Inda ake biya, ana ware shi ne wata-wata daga cikin tallafin, don haka ka tambaya ko ana warewa. Wanda aka ce za a duba a ƙarshen shiri, a sanina, ba ya zuwa.

Ka kuma tambayi yadda suke yi idan darajar naira ta faɗi. Tallafin yakan zo da dala ko fam ko yuro, albashi kuma da naira. Bayan an saki naira kasuwa ta riƙa yanke mata farashi a Yunin 2023, dalar da take wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. Wasu ƙungiyoyi sun nemi izini sun gyara albashi, wasu kuma ma'aikatansu sun ci gaba da karɓar tsohon adadi yayin da kuɗin mota da na abinci suka ninka.

Sai ƙa'idojin kashe kuɗi, waɗanda za su shafe ka tun makon farko. Duk kuɗin da aka tura maka na fita aiki bashi ne a kanka har sai ka kawo rasit da takardun da suka nuna inda ya tafi, kuma galibi akwai 'yan kwanakin da aka ƙayyade bayan dawowarka. Wanda bai kawo ba, ba za a sake ba shi wani ba, daga baya kuma a cire daga albashinsa. Akwai wani yaro mai ƙwazo da muka yi aiki tare, ya je wani ƙauye ya gudanar da taron horarwa, ya raba wa mahalarta kuɗin mota kamar yadda aka tsara, bai ci ko kwabo ba. Da yake yawancin matan ba su iya rubutu ba, sai ya bar mutum ɗaya ya sa musu hannu duka a takardar halarta. Da odita ya zo ya ga rubutun hannu ɗaya daga sama har ƙasa, ya ƙi amincewa da kuɗin gaba ɗaya, mai tallafi ya ce a mayar, ƙungiya kuma ta juyo kan yaron. Na san gaskiyarsa, na kuma faɗa, amma odita ba ya ganin zuciya, takarda yake gani. Tun daga ranar ba na barin kowa ya fita ba tare da tawadar dangwala yatsa a jakarsa ba. Haka kuma mai Keke Napep da mai sayar da ruwa a bakin hanya ba su da rasit, kuma kowace ƙungiya mai tsari tana da fom na irin wannan kashewa. Ka nemi fom ɗin, kada ka taɓa yarda wani ya rubuta maka rasit na bogi domin cike giɓi, ko da kuɗin gaskiya ka kashe, domin ranar da aka gano ba za a kira shi kuskure ba, zamba za a kira shi.

Takardar lissafin sa'o'in aiki da ake cikewa duk wata, ka cike ta da gaskiya kuma a kan lokaci, domin ita ce hujjar da ake cire albashinka daga tallafin. Idan aka sa ka sayen kaya, za a nemi ka kawo takardun farashi daga shaguna uku, kuma idan ɗaya daga cikin masu shagunan ɗan'uwanka ne ko surukinka, ka faɗa a rubuce ka janye hannunka. Na san wannan yana da nauyi a al'adarmu, domin 'yan'uwa za su ga kamar ka samu dama ka hana su, amma kuɗin nan amana ne da aka bayar domin marasa lafiya, kuma bayani na minti biyar a gida ya fi zubewar mutunci a gaban kwamitin bincike.

Idan aka mai da kai ma'aikaci, kada ka wadatu da ganin an cire haraji da fansho a takardar albashi. Ka riƙa duba saƙon kamfanin fanshonka duk wata, ka kuma nemi shaidar cewa harajinka ya isa KADIRS, hukumar tara haraji ta Jihar Kaduna, tunda a Kaduna kake zaune. Wannan asusun fansho yana da amfani ga mai aikin wa'adi musamman, domin wanda ya rasa aiki kafin ya kai shekara 50 kuma ya yi wata 4 bai samu wani ba, doka ta ba shi damar cire kashi 25 cikin 100 na abin da ya tara.

A ra'ayina ka karɓi aikin, matuƙar ka ga ranar ƙarewar tallafin da idonka kuma an daidaita batun kwansoltan ta ɗaya daga cikin hanyoyin da na ambata. Za ka koyi aiki, kuma wanda ya iya tattara bayanai da tsabta ba ya daɗewa a zaune. Amma ka tsara rayuwarka a kan wata 12 ɗin da ke rubuce, kada ka ci bashin mota ko ka koma gida mai tsadar haya kana dogaro da shekara ta biyu, kuma ka fara ware wani abu tun albashin farko har ka tara abin da zai riƙe gidanka wata 3. Makarantar ma ka ba su sanarwa yadda ya dace, ka kammala wa ɗalibanka zangon karatu idan da hali, ku rabu lafiya. Idan kana so, ka rufe sunan ƙungiyar da adadin kuɗin ka turo mini hoton takardar ta akwatin sirri, in sha Allahu zan duba maka sashen sallama da na alawus ɗin tafiya kafin ka sa hannu. Allah Ya zaɓa maka mafi alheri.