Shin kwabon Amurka na 1943 yana da tsada?

Ka ce ka tsinci senti ɗaya na Amurka mai ɗauke da shekarar 1943 a cikin kayan mahaifinka, kuma kana son sanin ko shi ne wanda masu tara tsofaffin kuɗaɗe ke nema ruwa a jallo.

A wannan shekarar, saboda ana buƙatar tagulla domin kayan Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka ta buga kwabbanta da ƙarfe mai rufin tutiya, fiye da biliyan ɗaya, shi ya sa farin kwabon bai taka kara ya karya ba. Mai tsadar shi ne ja, wanda aka buga bisa kuskure da ragowar tagullar 1942 da ta maƙale a injina. Guda ɗaya tak aka sani daga gidan buga kuɗi na Denver, kuma an sayar da shi dala miliyan 1.7 a 2010.

Sai dai jabu sun yi yawa, domin wasu suna shafa wa farin ruwan tagulla, wasu kuma suna kankare lambar 8 ta kwabon 1948 har ta koma 3. Ka kara masa maganaɗisu: idan ya manne, ƙarfe ne, magana ta ƙare. Idan bai manne ba, ka auna shi, na gaskiya giram 3.11 ne. Kada ka kuskura ka goge shi, domin gogewa tana karya farashi; ka aika wa PCGS ko NGC, kamfanonin tantance tsabar kuɗi na Amurka, su tantance shi.