Zauren Haraji: Akanta Ya Rubuta, Maigida Ya Sa Hannu, Wa Kotu Za Ta Kama?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da kamfani mai rajista a Kano, muna sayar da siminti da rodi da kwanon rufi. Ban yi boko mai zurfi ba, don haka duk harkar takardu tana hannun wani akanta da ke zuwa mana ƙarshen wata. Kwanan baya hukumar haraji ta aiko takarda cewa cinikin da muka bayyana bai kai rabin kuɗin da ya ratsa asusunmu na banki ba, kuma ba su ga kuɗin VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan kayan sayarwa, na shekara biyu ba. Da na tsare shi sai ya ce ai kowa haka yake yi, wai sauƙi ya nema mini. Ni dai sa hannu kawai nake yi. Idan magana ta kai kotu, ni za a kama ko shi? Daga wani Alhaji a Kano.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya kawo mafita. Gara ka ji daga bakina kafin ka ji daga bakin alƙali: ku biyu ne a ciki, kuma sunanka zai riga nasa hawa takardar tuhuma.

Kamfani ba ya shiga gidan yari, shi ya sa doka take bin mutanen da ke juya shi. Dokar hukumar haraji ta tarayya, wato FIRS, ta 2007, a sashe na 49, ta ce idan kamfani ya yi laifin haraji, kowane darakta da manaja da sakatare ana ɗaukarsa kamar shi ya aikata, sai fa in ya gamsar da kotu cewa an yi abin ba da saninsa ba, ba da yardarsa ba, ba kuma da haɗin bakinsa ba. Ka lura da wanda aka ɗora wa kawo hujja: kai ne. Sababbin dokokin haraji huɗu da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, waɗanda zuwa Janairun 2026 duk sun fara aiki har sunan hukumar ya koma NRS, ba su sauke wa darakta wannan nauyin ba.

Batun "sa hannu kawai nake yi" kuwa, alƙalai sun gaji da jin sa. Ko yaran shagonka sun san Lionel Messi. A 2016 wata kotu a Barcelona ta same shi da mahaifinsa da laifin zille wa harajin Yuro miliyan 4.1, kuɗin tallace-tallacen da aka yi da sunansa tsakanin 2007 da 2009, waɗanda aka karkatar ta wasu kamfanoni a Belize da Uruguay. Messi ya gaya wa kotu shi ƙwallo ya sa a gaba, takarda kuwa in an miƙo masa sa hannu yake yi saboda ya amince da mahaifinsa. Kotu ba ta karɓa ba. Ta yanke masa wata 21, kotun ƙolin Sifaniya ta tabbatar a 2017, daga baya aka mayar da ɗaurin tara. Dalilin alƙalan shi ne, wanda ya runtse ido da gangan don kada ya gani, ba ya cikin waɗanda ba su sani ba.

Kai ma ka auna. Mai gabatar da ƙara ba zai tambaye ka sashen doka ba, tambayarka zai yi tirelar siminti nawa ka sauke bara. Ka sani, har da ranar da kowacce ta iso. Daga nan zai ɗaga takardar da ka sa wa hannu ya ce, cinikin da ke rubuce a nan ya yi kama da na mai wannan tireloli? Rashin boko bai hana ka lissafin buhu ba, kuma ba zai zama garkuwarka ba.

Amma kada hankalinka ya tashi fiye da kima, don bashin haraji daban, laifin haraji daban. Wanda ya makara wajen miƙa bayanai, ko ya yi kuskuren lissafi, tara da kuɗin ruwa ne ke hawa kansa. A sabuwar doka, rashin miƙa bayanai a kan kari Naira 100,000 ne a watan farko, sannan 50,000 duk watan da ya biyo baya. Abin da ke kai mutum gaban Babbar Kotun Tarayya shi ne ƙarya da gangan: rage ciniki, rasit na bogi, ma'aikatan da ba su wanzu ba, littafi biyu.

Inda na fi jin tsoro a wasiƙarka shi ne VAT. Wannan kashi 7.5 cikin ɗari da kake ɗorawa a kan kwano da rodi ba kuɗinka ba ne, ko na kwana ɗaya. Na gwamnati ne, mai saye ya damƙa maka ka isar kafin 21 ga watan da ke biye. Haka harajin da ake cirewa daga albashin ma'aikata, wanda ke zuwa hukumar haraji ta jiha kafin 10 ga wata. Wanda ya karɓi irin wannan kuɗi ya riƙe, doka tana kallonsa a matsayin wanda ya ci amana, kuma ɗaurinsa yana iya kaiwa shekara uku, ban da biyan kuɗin da tara.

Don haka tambayar da za ka fara yi wa kanka ita ce: kuɗin sun fita daga hannunka ko ba su fita ba? Ina faɗin haka ne saboda wani kwali da aka taɓa kawo mini daga wani kamfanin sufuri. Maigidan yana rantsuwa duk wata yana ba akantansa kuɗin haraji, ga rasit nan jere cikin fayil. Da na shimfiɗa su a kan tebur sai na ga lambar da ke saman kowanne iri ɗaya ce. Rasit guda aka yi ta kwafa, ana shafe kwanan wata da farin ruwan gyara ana rubuta sabo da biro. Abin da ya ceci mutumin shi ne ta banki yake tura wa akantan kuɗin, yana kuma rubuta dalili. Idan naka haka yake, kana da abin da za ka nuna, kuma maganar akantanka ta koma hannun 'yan sanda. Idan kuwa kuɗin a asusunka suka zauna har ka sari kaya da su, to kai ne ka ci moriyar ƙaryar.

Shi kuma akantan da yake cewa kowa haka yake yi, da alama ya tsaya a zamanin fayil da ƙura. Duk ɗan kwangila ko ma'aikatar gwamnati da ta sayi kaya a wurinka ta cire kason haraji daga kuɗinka, da lambar harajinka take kai wa hukuma. Duk kamfanin da ya nemi a rage masa VAT ɗin da ya biya ka, takardarka yake nunawa. Ga banki a gefe. Ramin ƙarya ƙurarre ne tun da can, balle yanzu da kwamfuta ke haɗa waɗannan bayanai.

Gaskiya hukumar harajin ƙasar nan ta fi son kuɗinta a kan ta ga mutum a kurkuku. Ko a shari'ar Binance, kamfanin hada-hadar kuɗin kirifto, da aka shigar a Abuja a Maris ɗin 2024, an fara ne da kamfanin da manyan jami'ansa biyu, zuwa Yuni aka cire sunayen mutanen aka bar kamfanin. Sai dai wannan zaɓin hukuma ne, ba haƙƙinka ba. Afuwar VAIDS, shirin sassauci ga masu bayyana bashin harajinsu da kansu, da aka buɗe a 2017 kuma ta rufe tun tsakiyar 2018.

Ka karɓe duk takardunka daga hannun wannan akanta tun yau. Kada a yaga komai, kada a gyara komai, kada a sake rubuta littafi. Wanda ya yi haka bayan takardar hukuma ta iso, laifi na biyu ya ƙara wa kansa. Ka samu lauya da wani akanta daban mai rajista, su haɗa bayanan banki da rasit su fitar da ainihin bashin. Idan takardar da aka aiko ta ƙayyade kuɗi, kwana 30 gare ka ka rubuta ƙorafi, in ka yi shiru adadin ya zauna. Bayan nan akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji. Wanda kuma ya zo maka da cewa ya san wani a ciki, a ba shi wani abu a rufe fayil, ka sallame shi tun daga bakin ƙofa.

TAMBAYA: Malam, ni sabuwar akanta ce a wani kamfani a Kaduna. Maigidanmu ya ce in rinƙa rubuta rabin albashin manyan ma'aikata, sauran a ba su a ambulan. Ina tsoron in ƙi in rasa aiki. Ai umarni nake bi, ko?

AMSA: 'Yata, umarni ba ya wanke mai riƙe da alƙalami. Allen Weisselberg ya yi kusan shekara 50 yana riƙe da lissafin kamfanin gidan Trump a Amurka. Irin wannan dabara aka yi: hayar gida da motoci da kuɗin makarantar jikoki, duk aka biya ta bayan fage ba a sa a albashi ba. Ya amsa laifi 15 a 2022, aka yanke masa wata biyar a Janairun 2023, yana da shekara 75. Kamfanin tarar Dala miliyan 1.6 ya biya, shi kuwa ya kwana a kurkukun Rikers.

A nan gida, ko ba a kai kotu ba, ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, ICAN da ANAN, suna da kwamitin ladabtarwa da ke iya soke sunan mutum, kuma takardar da kika sha wahala a kanta ta tafi ke nan. Ki rubuta wa maigidan saƙo cikin ladabi, ki ce abin da duk aka ba ma'aikaci albashi ne a idon doka, ki haɗa masa lissafin abin da za a biya in aka bi ƙa'ida. Sau da yawa bai kai yadda suke tsoro ba. Ki ajiye kwafin saƙon a wajen ofis. In ya dage, kada ki shirya wannan jadawali, kada sa hannunki ya hau kansa, ki fara cigiyar wani wurin tun albashinki na wannan watan bai ƙare ba.