Amsa ga mai tambaya kan sifika ɗaya da ke rinjayar ɗaya idan an rage murya

Malam, ka ce idan ka rage muryar amfilifayarka da dare sifikar hagu tana rinjayar ta dama, bolum ɗin kuma, wato abin murɗawa na ƙara murya da rage ta, yana yin ƙara idan ka murɗa shi, har an ba ka shawarar sauya sifikoki. Kada ka kashe kuɗinka tukuna. Na daɗe ina gyaran kayan sauti a nan Sakkwato, kuma abin da ka kwatanta halin bolum ne.

A cikinsa akwai layin kabon guda biyu, na hagu da na dama, kowane da ɗan ƙarfen da ke goga shi idan ka murɗa. Da yake kunnen mutum ba ya jin ƙarin sauti daidai da yawan wutar da aka ƙara, akan tsara layin ya riƙa sakin sauti kaɗan-kaɗan da farko, sannan ya sake shi da yawa daga baya. Wannan shi ne mai alamar A a kayan Japan, mai B kuwa bai dace da wannan aiki ba. A can farkon layin ne aiki ya fi wuya, domin ɗan saɓanin kaurin kabon da ido ba zai gani ba ya isa ya karkatar da murya gefe guda. Ka gwada ƙara murya zuwa tsakiya. Idan sifikokin suka daidaita, to ba su da laifi.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne dalilin da ya sa bolum yake zama a ƙasa kullum. Na'urar CD ko DVD tana fitar da sauti har kusan bolt 2, alhali tsofaffin amfilifayoyi da yawa kashi ɗaya cikin goma na wannan ya ishe su su cika ɗaki. Saboda haka da ka taɓa shi kaɗan gida ya ɗauka, sai ka koma wurin da ya fi rauni. Ka rage murya daga dikoda ko wayarka, ka ɗaga ta amfilifaya. Amma kada ka rage ta can ƙasa sosai, domin a sautin dijital duk desibel 6 (ma'aunin ƙarfin sauti) da aka rage ana asarar bit ɗaya, wato mataki ɗaya na ingancin sautin, faifan CD kuwa 16 gare shi.

Ƙarar murɗawa yawanci ƙurar hunturu ce. Na sha buɗe bolum na tarar da jar ƙura ta daskare a kan kabon. A fesa masa maganin wanke kayan lantarki, ban da kananzir ko man inji. Idan ƙarar ta dawo bayan 'yan kwanaki, a duba kafasitar (ɗan kayan da ke riƙe cajin wuta) da ke kusa da shi, wataƙila tana yoyon wuta.

Idan sauya bolum ɗin ya kama, ka cire tsohon ka tafi da shi kasuwa, ka nemi mai lamba iri ɗaya. Sanya mai lamba 100K a gurbin mai 10K yana iya dusashe siririn sauti, musamman idan waya mai tsawo ce ke bin bayansa. Ni dai na fi amincewa da na kamfanin Alps, in an sami na asali.